Yadda Na Raba Mahaifiyata da Azurfarta

Shekarun baya can, a shekarar da aka canza mana kuɗi gab da samun mulkin kai, na tafka wata wauta da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mahaifiyata tana da tsofaffin sulalla goma sha biyu na azurfa, irin na farkon zuwan Turawa, waɗanda ta gada wurin uwarta. Ba na kashewa ba ne. Burinta ta kai wa maƙerin fari a Kiru ya narkar da su ya ƙera mata munduwa, abin uwarta ya zauna a hannunta. Da yake ni ne mai karatun gidan, sai ta ɗaure su a tsumma ta ba ni ajiya, na sa a gafakata tare da takarduna.

Mu kuwa tun tasowarmu sulen tagulla muka sani, mai ruwan ɗorawa. Kwatsam sai ga sabon sule fari fat mai kan sarauniya, ana ta cewa za a daina karɓar tsofaffin kuɗi.

Ran nan mahaifiyata ta tafi ta'aziyya garin Ƙofa, sai wani baƙo ya sauka ƙauyenmu a keke, rawani tsaf, carbi a hannu. Sahu ɗaya muka yi sallar azahar da shi. Bayan sallama ya shiga bayani, wai Bature ya dawo da azurfa, shi ya sa sabon sulen ya zo fari. Wai duk mai tsohon farin sule ya kawo, za a ba shi biyu a madadin ɗaya kafin wa'adi ya cika. Na tambaye shi ko ya tabbata azurfa ce. Ya ɗaga carbinsa ya rantse da Allah, a ƙofar masallaci.

Ni da na karanta a littafin fiƙihu cewa ba a musayar azurfa da azurfa sai daidai wa daida, har na rubuta fassarar da ajami a gefen takarda, duk sai kwaɗayi ya shafe min shi. Munduwa biyu kawai nake hange. Na ruga gida na ɗauko ƙunshin.

Da mahaifiyata ta dawo na zube mata sababbin a faifai, ina jiran albarka. Ta ɗauki ɗaya ta auna a tafin hannu, ta sake shi a kan dutsen niƙa. Nata na da in sun faɗi sukan daɗe suna amsawa. Wannan ƙara ɗaya ya yi ya mutu. Ta dube ni ta ce, "Malam, ina na uwata?"

Duk da haka gardama na yi, na ce a bari maƙeri ya gani. Ran kasuwa na tafi Kiru. Maƙerin ya goga ɗaya a dutse, ya jefa shi wuta, ya fito da shi baƙi ƙirin. Ya ce jan ƙarfe ne aka gauraya da wani farin ƙarfe, babu ko ƙwayar azurfa a ciki. "Alaramma, je ka sayi goro da su, kuɗi ne masu kyau. Amma ko zobe ba zan ɓata gawayina a kansu ba." Ya kuma ce ni ne na uku da ya zo masa da irin wannan, mai keken ya bi har Tudun Wada da Doguwa yana kwashe azurfar mutane, yana kai wa maƙeran birni.

Na bi kasuwanni ina cigiyarsa har damina ta faɗi. Ko mai kama da shi ban gani ba.

Wautata na daɗe da karɓarta, har jikokina nakan ba labarin suna dariya. Abin da ya ƙi sauka daga raina shi ne mutum ya haɗa kafaɗa da kai a sahu, goshinsa da ƙasar sujada, ya sa sunan Allah ya sayar maka da jan ƙarfe. Na yi ta ƙoƙarin yafe masa, har yanzu ina kan ƙoƙarin.

Daga baya da na sami hali na ce zan saya mata munduwar azurfa a birni. Ta ce in bari, ita ba azurfa take nema ba. Ba ta sake tada maganar ba, kuma har ta koma ga Allah babu komai a hannunta.