Yadda Yaya Ta Raba Mama da Allura

Yayata ma'aikaciyar jinya ce. A gida Yaya muke ce mata, a asibiti kuwa Sista Wuf, saboda kafin ka rufe baki ta gama abin da ka roƙa. Tun muna yara haka take. In Umma ta aike mu tare, ina neman takalmina ita ta dawo.

Ɗakin yara aka fara kai ta, a hannun wata dattijuwar nas da kowa ke kira Mama, har likitoci. Mama ce ta koya mata laluben jijiya a hannun jaririn da zawo ya tsotse, da yadda ake riƙe uwa da hira har a gama ɗaura ƙarin ruwa. "'Yata" take ce mata. Ranar da Yaya ta haihu, Mama ce a kanta.

Shekaru suka ja, aka naɗa Yaya shugabar ma'aikatan jinya na asibitin gaba ɗaya. Aka ba ta ofis mai fanka da kabad ɗin ƙarfe. Da farko ba ta zama a ciki. Mijinta yakan ce, "An ba ki kujera, kin bar ta tana jinyar kanta." Sannu a hankali ta gane cewa duk allurar da ta karɓe daga hannun ƙaramar nas, ta hana ta koya ne. Ta koyi tsayawa tana kallo, hannu a baya. Ta koyi sauraron mutum biyu da suka yi faɗa, kowa shi kaɗai. In likita ya daka wa nas tsawa a gaban majinyata, sai ta ja shi gefe, ta faɗa masa ba daɗi ba ƙari.

Abin da bai zo mata da sauƙi ba shi ne Mama. A zagayen safe ta lura Mama tana ɗaga kwalbar allura wajen taga, tana nesa da ita tana kusantowa. Daga nan sai ta miƙa wa ɗaliba ta ce, "Karanta mu ji ko kin iya." Kowa ya ɗauka gwaji ne. Yaya ta gane ido ne ke tafiya. Ba a jima ba wata nas ta same ta a ofis, ta ce ta tsayar da Mama tana shirin zuƙo maganin da ba shi aka rubuta ba.

Yaya ta kasa yi wa Mama maganar. Sai ta sauya rabon aiki, ta mayar da ita sito, wajen auduga da bandeji, ta ce wai hutu take so ta ba ta. Mama ta koma siton. Amma ta daina shiga ɗakin shan shayi, kuma manyan nas suka fara amsa gaisuwar Yaya a daƙile. A gida ma mun ga canji. Abinci Yaya take juyawa da cokali ta tashi.

Wata rana da hantsi ta tafi siton. Ta tarar da Mama tana jera kwalaye. Ta durƙusa ta gaishe ta, da farar rigar shugabancinta.

"Tashi, Shugaba, kar ki ɓata kayanki."

"Mama, ba don hutu na kawo ki nan ba. Idonki ne. Na gani, kuma an kusa samun kuskure."

Mama ta ajiye kwalin hannunta. "Na san idona, ai a fuskata yake. Abin da ban sani ba, ashe ba ki ɗauki abin da na koya miki ba. Yaro ma, na ce ki gaya masa za ki soke shi kafin ki soke shi. Ni ban kai yaro ba?"

Yaya ta ce, "Kunyarki na ji."

"Kunyarki ta jefa ni cikin kwalaye, mutane suna cewa sata na yi."

Wannan Yaya ba ta taɓa ji ba. A ranar, wajen miƙa aiki, da izinin Mama, ta tara ma'aikata ta faɗi ainihin dalili, ta ce ita ta yi kuskure da ta bar su suna hasashe. Kuma ta yaba wa nas ɗin da ta kawo rahoto.

Ita da kanta ta raka Mama wajen likitan ido. Ashe yanar ido ce ta rufe mata idanun. Aka yi aiki, ido ɗaya ya washe, ɗayan bai dawo ba. Mama ba ta sake zuƙar magani ba, kuma Yaya ba ta sassauta a kan haka ba ko da aka zo roƙo. Ta dai mayar da ita ɗakin yara a matsayin mai horar da sababbin nas. Yatsunta na nan da saninsu, takan ɗora hannun ɗaliba a kan na jariri ta ce, "Rufe ido, ji da yatsa."

A haka Mama ta yi ritaya. Sun shirya, suna ziyartar juna, sai dai wani ɗan sanyi ya rage tsakaninsu, kuma Yaya ba ta yin kamar babu shi. Yanzu ita ma furfura ta fito mata. Kwanan baya na je ofishinta, na tarar ta zaunar da mataimakiyarta a gabanta, tana sa ta maimaita yadda za ta gaya wa wani ma'aikaci cewa an ɗauke shi daga ɗakin tiyata. Yarinyar sai kwana-kwana take. Yaya ta ce, "A'a, sake. Fara da dalilin."