Baba Daga-Nesa Ya Ajiye Makullin Sito

Kafin mai shara ta gama baranda ta farko, shi ya riga ya wuce. Yana tafe a hankali da kwanon abincinsa a leda, ya ratsa ofisoshin malamai, ya wuce ɗakunan gwaje-gwaje, har inda baranda ta ƙure haske ya ragu. Can ne siton sinadarai na sashenmu yake, ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ba taga sai ramin fanka. Idan ya buɗe ba ya shiga nan take. Sai ya kunna fankar da ke zuƙe iska, ya koma gefe ya tsaya yana shinshinawa. Bayan haka ne zai rataye hularsa a ƙusa, ya sa farar rigar aiki, safar hannu, tabarau da takunkumi, ya bi kantoci ɗaya bayan ɗaya. Wace kwalba ce ta yi gumi, wane murfi ne tsatsa ta fara ci, wace takardar suna ce ke ɓantarewa. Sama da shekara talatin haka yake buɗe safiyarsa, kuma ba mai yi masa sannu a wurin.

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Baba Daga-Nesa, sunan ya bi shi har manyan malamai suka manta na yanka. Dalili kuwa, ba ya musabaha. Ka miƙa masa hannu, sai ya ja da baya, ya ɗaga hannuwansa biyu sama ya ce, "Daga nesa, ranka ya daɗe, daga nesa." Ranar da na fara koyarwa a sashen haka ya yi mini a gaban ɗalibaina, ya bar ni da hannu a miƙe kamar mai roƙo. Abokin ofishina ya yi ta ƙyaƙyata dariya. "Kai ma ka sha? To ka kwantar da hankalinka, shugaban jami'a ma da ya zo zagaye haka ya yi masa."

Wasu sun ce girman kai ne. Wasu sun ce warin sinadari ne ya taɓa masa kai. Ni dai bakina ba ya riƙe tambaya, don haka wata rana da na je karɓar asid na tambaye shi kai tsaye. Ya daɗe yana goge kwalbar kafin ya amsa.

Ya ce lokacin yana sabon shiga aiki, wata rana ya auna wani farin gari mai cin fata, kaɗan ya maƙale a hannun rigarsa bai lura ba. Ya koma gida. 'Yarsa, wadda ita kaɗai Allah ya ba shi, tana koyon tafiya a lokacin. Ta taho tana tangaɗi, ya sure ta, ta goga fuskarta mai yawu a hannun rigar. "Kukan da ta yi, Malam, har yau yana kunnena," in ji shi. Tabon yana nan, daga ƙasan kunnenta zuwa haɓa. Tun daga ranar ya ɗaukar wa kansa alkawari: in dai ya shiga sito, ba ɗan Adam da zai taɓa shi sai ya yi wanka ya sauya kaya.

Alkawarin ya kare mutane, amma shi ya cinye shi. Yarinya ta ci gaba da rugowa ƙofa duk yamma tana "Baba oyoyo", shi kuma yana ɗaga hannu yana cewa, "Tsaya, uwata, tsaya." Kafin ya fito daga wanka ta yi fushi ta koma bayan mahaifiyarta. A hankali ta daina rugowa. Da ta girma ta koyi gaishe shi a durƙushe daga bakin ƙofa, cikin ladabin da ba wanda zai kushe, ta tashi ta tafi. Wannan ne abin da ke cin ransa, kuma bai san ta inda zai gyara ba.

Aikin nasa kuwa irin wanda ba a ganinsa ne sai ranar da ba a yi shi ba. Shi ya san wane sinadari ne ba ya maƙwabtaka da wane. Masu kama wuta suna da akwatinsu na ƙarfe, asid yana ƙasa inda ko ya zube ba zai sami fuskar kowa ba, wanda ba ya shiri da ruwa yana can nesa da famfo. Abin da ya shigo ya san shi, abin da ya fita ya san hannun da ya tafi da shi, wanda wa'adinsa ya kusa ƙarewa kuwa ya matso da shi gaba. Ɗalibi ya dawo da ragowa a kwalbar da ba suna, nan ne za ka ga Baba ya ɗaure fuska.

"Mene ne a ciki?"

"Baba, ina jin ruwa ne kawai."

"Kana ji? To ɗan kurɓa mu gani."

Sai yaro ya sosa ƙeya ya koma neman alƙalami. Ba a taɓa jin ya zagi kowa ba, amma ba a taɓa ganin kwalba marar suna ta kwana a kantarsa ba.

Baba, kai ne wanda ba a zuwa wurinsa sai da buƙata. Mu muna ɗakin shan shayi muna musun ƙwallo, kai kana kan benci a bayan sito kana cin abincinka kai kaɗai, don ba ka yarda ka sa hannu a kwano ɗaya da kowa ba. A masallaci kai ne a ƙarshen sahu, ana sallamewa ka zame kafin a fara gaisawa. An sha ɗaukar hoton ma'aikatan sashe ba ka ciki, ba don ƙiyayya ba, don dai ba wanda ya tuna ya taka zuwa ƙarshen baranda ya kira ka. Na duba hotunan da ke bangon ofis ɗaya bayan ɗaya, raina ya ɓaci ƙwarai.

Tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin gwaji, wadda duk muke kira Yaya Babba, ita ce shaidar abin da ba zan manta ba. Wani farfesa ya rasu, aka buɗe kabad ɗinsa don a kwashe kaya. A can lungu ta hango wata tsohuwar kwalba, takardar sunan ta goge, abin da ke ciki ya bushe ya zama ƙanƙara-ƙanƙara ruwan ɗorawa har a bakin murfi. Ta aika a kira Baba. Ya leƙa, bai taɓa ba, ya ce a hankali, "Yaya, kowa ya fita. Irin wannan in ya bushe, murɗa murfin kaɗai ya isa ya tashi da ɗakin." Shugaban sashe bai yi gardama ba, ya sa aka kwashe mutane, ya kira masu kwance irin wannan haɗari. Suka ce suna nesa, a jira su.

Muka koma ginin da ke kallon namu. Baba kuwa ya jawo bencinsa ya gicciye a bakin baranda ya zauna, yana mayar da duk wanda ya zo ɗaukar jaka ko caja. Ta taga muke hango shi, tsoho ɗaya a gaban gini fanko. Yaya Babba ta kai masa shayi, ya ce ta ajiye a ƙasa ta koma. "Na ce masa, kai ba ka da rai ne?" in ji ta. "Ya ce, Yaya, in wani zai zauna ai gara wanda ba a jiransa a ƙofa." Ta ce da ta juya sai da ta share hawaye. Mutanen suka zo suka ɗauke kwalbar lafiya, washegari aka ci gaba da karatu kamar ba a yi ba.

Da matarsa ta rasu muka je gaisuwa. Nan na fara ganin 'yar, ta zo daga garin da take aure, da tabon a gefen fuskarta. Na yi karambani na ce mata, ko ta san abin da ya sa mahaifinta yake haka? Ta ce, "Na sani, Malam, Mama ta gaya mini tun ina ƙarama. Amma sanin dalili daban, ka rugo da gudu a ce maka tsaya daban." Bayan zaman makoki ta koma gidanta, shi ya koma gidan da ba kowa. Ya ce mini har yanzu in ya shiga yana wucewa wanka kai tsaye, alhali ba wanda zai tare shi.

Makon jiya ya yi ritaya. Yaya Babba ce ta nemi lambar 'yar ta kira ta, ba mu kuma san ko za ta zo ba. Taron bai cika ba, lokacin jarrabawa ne, kujerun da aka jera rabi ba kowa. Baba ya zagaya sito da matashiyar da za ta gaje shi kanta bayan kanta, ya ajiye mata makulli a kan tebur. Ya cire farar rigar ya rataye. Ya tsaya a famfo yana wanke hannu da sabulu har muka fara kallon juna. Ashe ya zo da wasu kaya a leda, ya shiga banɗakin ma'aikata ya watsa ruwa ya sauya.

Yana fitowa sai ga su a bakin baranda, 'yar da ƙaramar jikarsa. Yarinyar ba ta san wata doka ba. Ta fizge hannunta ta rugo, takalmanta suna ƙara a siminti. Na ga Baba ya ja da baya, hannuwansa sun tashi sama da kansu.

"Tsaya, amaryata, tsa..."

Yarinya ta ja birki, ta tsaya tana kallonsa. Sai muryar 'yar ta fito.

"Baba, ka ba da makulli ai."

Ya dubi hannuwansa, ciki da baya, kamar na wani ne. Sannan ya durƙusa a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara, ya sure yarinyar. Ta cusa fuskarta a hannun rigarsa, ya runtse ido, bai janye ba. Da ya miƙe sai ya tako har inda 'yarsa take tsaye, ya ɗora tafinsa a gefen fuskarta, daidai kan tabon. "Uwata," kawai ya ce. Ta riƙe hannun da nata biyu ta ƙi saki. Yaya Babba ta juya tana faɗa da mai shara a kan wani bokiti, don kada a ga fuskarta.

Daga nan ya bi mu yana musabaha, ni ne na ƙarshe da na samu. Hannunsa duk ya tsattsage saboda sabulu, ga ɗumi, ga ƙarfi. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ka daɗe kana jira."

Mun gode, Baba, garkuwar ƙarshen baranda. Dubban ɗalibai sun shiga ɗakunan gwajinmu sun fita da idanunsu da yatsunsu cikakku, sun rungumi 'ya'yansu ba fargaba, ba su san kai ka biya musu ba. Allah ya saka maka, ya ba ka tsawon rai ka rama duk ɗaukar da ta wuce ka. Masu riƙe da amanar abin da zai iya cutar da jama'a, ku riƙe ta kamar yadda ya riƙe. Mu kuma da muke ofisoshi masu taga, akwai matashiya yanzu a bayan ƙofar ƙarfen nan, tana kunna fanka ita kaɗai da safe. Gobe in za mu sha shayi, wani ya taka ya kira ta.