Ɓargon da Na Zaɓa wa Mai Jego

Shekarar nan ta yi wuya, ba ni da wani abin faɗi da ya wuce haka. Fari ya ci arewa. Shanun da jirgin ƙasa ke saukewa daga garin Parakou fata ce kawai a kan ƙashi. Aikina ke nan, in tarbe su a tasha in kora su kara, kuma wata saniyar sai mun kama wutsiya mun ɗaga kafin ta miƙe. Gwamnatin juyin juya hali ta yanke wa nama farashi, ta ce kada mahauci ya wuce shi, sai naman ya ɓuya. Kowa kamarad ne, wato ɗan'uwa, a baki, amma ba mai yarda ka leƙa kwandonsa.

A cikin wannan hali matata ta haihu, haihuwa ta shida. Ta zubar da jini fiye da na sauran biyar ɗin a haɗe. Tafin hannunta ya yi fari fat, in ta tashi zaune sai jiri ya mai da ita. Goggonta ce ta zo daga unguwar Gbégamey ta tare a gidanmu na Zongon Kwatano don yi mata wankan jego. Kwana uku da haihuwa ta tare ni a bakin ƙofa.

"Ina ƙauri?"

Ƙafafun saniya huɗu take nufi, waɗanda ake dafa wa mai jego da yaji.

Na ce, "Goggo, ƙafa huɗu a bana? Masu dafa wa Turawan unguwar Cadjèhoun abinci ke kwashe su tun ba a gama fiɗa ba."

"To ka kawo ƙashi mai ɓargo. Kai da kake wuni a gindin shanu, a ce matarka ta rasa romo? Dubi idonta. Yarinyar nan ba jini a jikinta."

Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma ƙashi na san shi. Na haƙarƙari yana ba da ɗanɗano, sai dai romonsa tsululu ne, na masu lafiya. Na gwiwa shi ke sa romo ya yi danƙo, in ya huce ya kama jikinsa. Wanda ke mai da jini kuwa na ƙwauri ne da na cinya, saboda ɓargo. Shi ma ɓargon iri-iri ne. Sai ka sa a sara ƙashin a gabanka, ka danna babban yatsa a ciki. Na saniya mai ƙoshi fari ne, yana da tauri kamar man shanu da safe. Na wadda yunwa ta ci ja ne, ruwa-ruwa, ka karkata ƙashin ya tsiyaye kamar majina. Ko kwana ka yi kana dafa irin wannan, ruwan zafi ka ba mutum.

Na hau keke na fara da kasuwar Gbégamey. Tebur huɗu na tsaya, duk ɓargon ja ne. Na wuce Vêdoko, wani ya ce in ba saya zan yi ba in daina tsoma masa yatsa a kaya. Rana ta take na dawo Zongo da kwando wayam.

A layin mahautanmu akwai wani da muka taso tare, makarantar allo ɗaya muka yi. Yana ganina ya fara.

"Uban 'ya'ya shida! Kai ba ka gajiya ne?"

"Kai ka gaji? Naka nawa?"

"Ni ai na yi ritaya. Me kake nema kana zare ido haka?"

Na gaya masa. Ya dubi hagu ya dubi dama, ya ce in biyo shi. Bayan rumfarsa akwai wani ɗan ɗaki na langa-langa. Ya ɗaga buhu, sai ga ƙasusuwan cinya biyu da ƙwauri da gwiwa, manya, da kitse manne a jikinsu. Ya sara ɗaya. Na danna yatsa. Fari, mai tauri, har yana maiƙo. Rabona da ganin irinsa tun kafin fari.

"Ina ka samo wannan?"

"Kai dai ɗauki. Ladan mai jego nake nema."

Naman da ya fito daga mahauta ana buga masa tambarin likitan dabbobi da shuɗin tawada. Ƙashi ba ya ɗaukar tambari, don haka ba abin da zan duba. Ya naɗe mini su a takardar siminti, da arha ƙwarai. Kafin in kai gida jini ya huda takardar ya ɓata mini kwando, baƙi ƙirin, bai daskare ba. Na ce a raina sabon yanka ne.

Goggo ta wanke su ta ɗora babbar tukunya, ta zuba citta da kanumfari da masoro da kimba da daddawa. Tun azahar yake tafasa har bayan magariba. Ƙamshi ya cika gidan hayar. Al'ada ce a ɗiba wa maƙwabta, ni na hana. Na ce ba yawa, duk na mai jego ne, ko 'ya'yana ban bari sun ɗanɗana ba. Kullum da safe Goggo ta ƙara ruwa ta sake tafasawa, ta ƙwanƙwasa ƙashin a bakin kwano ɓargon ya faɗo, matata ta shanye. Kwana uku ana haka. Har na fara jin kaina. Na ce wa Goggo duk Kwatano ba mai jegon da ta sha irin wannan a bana.

Ana gobe suna, bayan la'asar, na je in tuna wa mahaucin nan zancen fiɗar rago. Teburinsa a rufe. Na same shi a zauren gidansu, zaune, ya ɗaure hannun dama da tsumma, hannun ya kumbura daga wuyansa har gwiwa.

"Wuƙa ce?"

"Ƙurji ne. Ba ya ma ciwo, ƙaiƙayi kawai."

Ya kwance zai shafa magani, na gani. Ƙurji ne mai faɗi, tsakiyarsa baƙi kamar an ɗosana gawayi, gefensa ya yi ƙananan bororo. Na taɓa ganin irinsa sau ɗaya ina saurayi, a hannun wani Bafulatani da na bi kora daga arewa. Ciwon saifa ne. Saniya tana kiwo da safe lafiya lau, kafin azahar ta faɗi, baƙin jini na fita ta hanci, ba ya daskarewa. Fulani ba sa feɗe ta. Rami suke haƙawa su binne, su tashi daga wurin. Kuma ba ramammiya yake kamawa ba, wadda ta fi kowace ƙiba yake ɗauka.

Nan ƙashin da ya ba ni ya faɗo mini a rai. Ni da nake ganin abin da jirgi ke saukewa kullum, ina saniya mai farin ɓargo za ta fito a bana? Wa zai yanka irinta ya ɓoye ƙashinta a ƙarƙashin buhu ya ba ni da arha? Kyawun ɓargon shi ne abin da ya kamata ya tsayar da ni, shi kuma ya sa na ɗauka da gudu.

Na ce, "Saniyar nan, da ranta aka yanka ta?"

"Tana motsi."

"Na ce da ranta?"

"Ƙafa ta motsa. Wallahi na ga ƙafa ta motsa."

"Saifar fa, da ka buɗe ciki?"

Ya ware hannayensa biyu ya nuna mini girmanta, ya sauke. Daga baya ya ce wani ne a bayan gari yake kiwata ta a gida, ta faɗi farat ɗaya, aka aiko masa. Naman ya tafi tun ranar, bai san cikin wa da wa ya shiga ba.

Na miƙe, ya riƙe mini riga da hannun hagu.

"Don Allah, don zaman tare. In delege, wakilin gwamnati a unguwa, ya ji, ba tara za a ci ni ba. Ka san sunan da rediyo ke kiran irinmu, masu yi wa juyin juya hali zagon ƙasa. Wanda aka ɗauka a layinmu bara, ka ga ya dawo? Ai an dafa. Wuta tana kashe komai."

"Kai ma ka je lopital, likita ya duba hannun nan."

"In ce musu me?"

Ban san ko wuta tana kashe shi ba. Bafulatanin nan ya ce mini ko ƙasar da jinin ya zuba ba ta warkewa, shekaru sai ta riƙe ciwon. Abin da ke zama a ƙasa shekaru, ban ga yadda itacen Goggo zai gama da shi a wuni ɗaya ba. Amma ni ba likita ba ne.

Na shigo gida mata sun cika tsakar gida suna daka na suna. Tukunyar tana kan murhu. Na shiga ɗaki na tarar da matata ta ajiye kwano ke nan, tana share baki.

"Malam, Allah ya saka. Ban taɓa shan romo irin wannan ba."

"Yaya jikin?"

"Da sauƙi. Cikina ne dai yake murɗa tun azahar."

Goggo ta ce daga bakin ƙofa, "Ciwon bayan haihuwa ne, ƙazanta ce ke fita."

Na taɓa goshinta, da zafi. To amma akwai garwashi a ƙarƙashin gadon, ɗakin jego dama zafi gare shi. Ban iya rabewa ba. Jaririn yana kan nono.

Na fita na sauke tukunyar, na kai ta bayan gida na tuntsurar da romon da ƙasusuwan a rami. Goggo ta biyo ni tana salati.

"Ka haukace ne?"

Na ja ta gefe na gaya mata duka. Ta daɗe tana kallon hannayenta, su ne suka wanke ƙashin.

"To yanzu me kake so?"

"Gobe zan kai ta lopital."

"Mai jego ba ta taka waje kafin arba'in, balle ranar suna. Mutane za su cika gida. Ka ce musu me, mushe ka ciyar da matarka? Rufe bakinka. Zan jiƙa mata magani, mu ga kwana biyu."

"Saniyar ba ta yi kwana biyu ba, Goggo."

Da magariba matata ta yi amai sau ɗaya, ta ce yaji ne ya yi yawa.

Washegari bayan sallar asuba, ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, na kira maƙwabcina dattijo na raɗa masa sunan yaron, na ba shi goro, na ce liman ya yi addu'a ba sai na dawo ba. Ragon na ce a bar shi a ɗaure. Na tsayar da taksi a bakin layi. Goggo ta lulluɓe matata da zane biyu ta ɗauki jaririn, muka fito ta tsakiyar maza, kowa yana kallo, ba wanda na yi wa bayani. Ƙashin cinya ɗaya na tsamo daga ramin na naɗe a takarda.

A lopital na ajiye shi a kan teburin ma'aikacin da ke karɓar marasa lafiya, na ce ciwon saifa nake tsoro, kwana uku tana shan romonsa. Ya ja kujerarsa baya, ya ƙwala wa wata kira ta zo ta shiga da matata. Sannan ya ɗauki biro.

"Kamarad, wa ya sayar maka? Akwai wanda ya taɓa naman?"

Na ce akwai, mahaucin da ya sayar mini, hannunsa ya riga ya kumbura. Na faɗa masa layin, na faɗa masa gidan.