Kwabo Mai Sunan Mamaci

A filat ɗinmu na unguwar Ardwick babu murhu, sai wata hitar gas mai ƙara kamar tana tari. A gabanta Kaka ke shimfiɗa buzunta bayan magariba, ta miƙe ƙafa tana tsine wa sanyin Manchester da duk wanda ya fara kafa gida a cikinsa. Mahaifiyata Binta ita ce autarta, ita ta ɗauko ta daga Kano don ta riƙe mu, ni da ƙanena Sadik, in ta tafi aiki asibiti. Kaka ba ta fara tatsuniya sai an kashe talabijin. Sai ta ce mini, "Safiya, uwar surutu, rufe min bakin nan. Ga ta can bakin ƙofa, ku ce ta shigo."

Wadda ta fi ba mu ita ce ta wata makauniyar tsohuwa da 'yarta Tani ta tafi rafi ba ta dawo ba. Duk yarinyar da ta kawo mata ruwa sai ta ce, "Tani, kin dawo?" Su ce a'a, ba ita ba ce, tsohuwa ta wuni tana kuka. Ran nan wata yarinya ta amsa, ta ce, "Na dawo, Inna." Daga ranar tsohuwa ta koma cin tuwo har ta yi kumatu. Ni da tsiwa sai in ce ai ƙarya aka yi mata. Kaka ta galla mini harara. "Ji baki kamar reza! Tsohuwa ta ci abinci ko ba ta ci ba?"

Da na girma na samu aiki a wani gidan tarihi a Birmingham, ɓangaren tsoffin kuɗi. Masu yawo da na'urar gano ƙarfe a gonaki kan tono kwabbai na azurfa, sirara kamar ɓawon albasa, a kawo mini in faɗi na zamanin wane sarki ne. Akwai wani iri mai gajeren gicciye a bayansa da ke ba sabon shiga wahala. Sarkin da aka fara buga shi da sunansa ya mutu, ɗansa ya hau ya mutu, ƙanen wannan ya hau, amma maƙera ba su taɓa sunan ba, don shi mutane suka sani, shi suka yarda da shi. Sai ka sa gilashi ka duba gemun hoton sarkin, ɗigo-ɗigo ne ko zane-zane, ka duba naɗin gashi da duwatsun kambi, ka juya ka karanta sunan maƙeri da garinsa. Sannan ka gane wanda ke ƙarƙashin sunan. Wallahi ina son aikin nan.

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu Mama ta rasu. Kaka, wadda mantuwa ta riga ta fara kamawa, ta koma hannun Sadik da matarsa. Hukumar gari ta rufe wurin da tsofaffi ke wuni, mu ma aka rage mana ranakun aiki, sai na riƙa hawa bas duk Juma'a zuwa Manchester in karɓe su. Ina shiga za ta ce, "Binta, kin dawo?" Sadik ya taɓa gaya mata gaskiya, ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu kamar yanzu aka fita da gawar, ta ƙi cin komai. Daga nan na fara amsawa. Na koma kiranta Inna yadda Mama ke yi, har mayafin Mama nake yafawa. Ta ci abinci kuwa. Amma ni a raina abu ɗaya nake roƙo: kafin ta tafi, ta dube ni da kyau ko sau ɗaya ta gane ni. Ita fa ta goye ni.

Wata Asabar da la'asar ina shafa mata man zafi a gwiwa sai ta kama fuskata da hannu biyu. Ta bi girata da yatsa, ta bi haɓata, ta juya ni wajen haske, ta daɗe tana kallo. Na ce a raina, yau dai.

"Binta," ta ce a hankali, "ina Safiya? Yarinyar nan ta daina zuwa. Ko wani laifi na yi mata?"

Na san in na ce ga ni, sai ta tambayi ina Binta. Na haɗiye kukana na ce, "Ba ki yi mata komai ba, Inna. Aiki ne ya yi mata yawa. Tana nan tafe."

"To ki ce mata ina kewarta."

Ba ta kai wata Juma'ar ba. A wajen aiki har yanzu nakan ɗaga kwabo in faɗi wanda ke ƙarƙashin sunan, ba na kuskure. Amma kakata ta bar duniya tana zaton na guje ta, alhali hannuna ne a kan gwiwarta.