Tafiyar da Evaristo Ya Daɗe Yana Tsarawa

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askin Evaristo a garin Almeriya ya sha labarin tafiyarsa. Shekara goma sha ɗaya yana tsara ta: kwana biyar a mota, a ratsa hamadar Tabernas, sannan a haye duwatsun Sierra Nevada. Ya haddace sunan kowane ƙauye, ya san inda ake gasa ɗan akuya mai daɗi, alhali shi kansa bai taɓa wuce kasuwar kifi ba. Kowace bazara da uzurinsa, bana zafi ya yi yawa, baɗi kuma ciwon baya.

"Kai Evaristo, aski ya kawo ni, ba hawan dutse ba," in ji masu zuwa shagon.

Da ya ajiye aiki, matarsa Encarna ta loda kaya ta ce, "To maigida, ga mota ga hanya."

Hamada dai ya ratsa ta yana cika baki. Amma da suka fara hawa, ya leƙa ya hango zurfin kwazazzabo, sai ya taka birki ya ƙi gaba. Encarna ta karɓi tuƙi, shi kuwa gogan ya miƙe a kujerar baya har kwana huɗu.

Yanzu a gidan shayi yake kwatanta wa mutane kyawun duwatsu. In Encarna na kusa sai ta taɓe baki.

"Ku tambaye shi rufin mota, shi ya kalla."