Hannun da Zai Kai Kaka

Duk sanda na tuna Iya, a saman rufin gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka nake ganin ta, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, kaskon gawayi a gefenta. Gidan matsattse ne, a jikin dutse yake, ɗakunan kamar an jera akwatuna. Saman rufin nan ne kaɗai inda iska take samun mu. Idan sanyi ya shigo Makka, wanda ba wani sanyin kirki ba ne amma ya isa yaro ya nemi riga ta biyu, sai Iya ta sa a hau mata da gawayi da butar shayi bayan an idar da Isha. Mu kuwa jikoki mu bi ta a baya, ni da yayata Zainabu da 'ya'yan baffana. Daga inda muke zaune muna hango hasken Harami ya haske gefen sama.

Iya Dije ita ta haifi mahaifinmu. Tana amarya ta baro ƙauyensu a ƙasar Kano tare da mijinta, suka biyo ta Cadi da Sudan, suna tsayawa su yi noma a hanya, su ci gaba. Shekaru suka yi kafin su ƙetaro teku, kuma ba ta sake komawa ba. Larabcinta ya ishe ta ciniki da faɗa da mai kanti, amma tatsuniya ba ta yarda a haɗa mata da shi. Wanda ya sako Larabci a tsakiyar labari, ya yi asarar gyaɗarsa ta wannan dare.

Tana da yadda take buɗewa, nata na kanta. Sai ta juya gyaɗa a kan wuta ta ce, "Ga ta nan, ta sha hanya, ta ƙetaro ruwa."

Mu amsa baki ɗaya, "Ta sauke kaya mu ji ta!"

Wadda na fi roƙo ita ce ta Dogo mai majajjawa. Ba mu taɓa ganin gonar gero ba, balle tsuntsayen jan-baki, don haka sai da ta fara yi mana bayani. Ta ce mu ɗauki tattabarun Harami gaba ɗaya, mu ƙanƙantar da su, mu ninka su har su rufe rana, sannan mu sa musu yunwa. Ta ɗaure bakin gyalenta ta nuna mana yadda ake wulwula majajjawa a saki dutse. Sannan ta nuna mu da ludayin gyaɗa ta ce, "Amma in na ji wani ya jefi tattabarar garin nan, ni da shi ne."

Ga yadda labarin yake. A wani ƙauye akwai babbar gona ta gandu, kowa da rabonsa a ciki. Aka kafa rumfa mai tsayi a tsakiya, inda mai gadi zai hau ya kori tsuntsaye. Akwai wani saurayi, Dogo, wanda in ya saki dutse sai ka ji yana kuka a iska. Mutane suka riƙa barin aikinsu su zo kallo. Da wani ya ce bari ya karɓe shi ya huta, sai jama'a su ce a'a, mu Dogo muke so. Shi ma yabo ya yi masa daɗi. Tun gero yana kore, ba abin da tsuntsu zai ci a jikinsa, Dogo yake jifa safe da yamma. Ranar da gero ya yi ido, jan-baki suka taso kamar hadari, Dogo ya ɗaga hannu, sai kafaɗar ta ƙi. Majajjawa ta faɗo ƙasa.

A nan Iya takan tsaya ta zuba shayi, da gangan, mu kuwa kamar mu yi kuka.

Gari ya ruɗe, wasu har sun fara ɗaure kaya. Sai wani Bahago, wanda ake yi wa dariya saboda dutsensa ba ya tafiya kai tsaye, ya hau rumfa ba wanda ya sa shi. Tsuntsayen sun saba da miƙaƙƙen jifa, sun san inda za su kauce. Na Bahago kuwa ya nufi gabas ya sauka a kudu. Da hannunsa ya gaji bai jira hannun ya mutu ba, ya sauko. Wani tsoho ya hau, shi ba ƙarfi, sai ya riƙa jefa curin busasshiyar laka, ya fashe a sama ya watsu. Da la'asar wata yarinya mai tallan nono ta ajiye ƙwarya ta karɓa har rana ta faɗi. Dogo kuwa yana ƙarƙashin rumfa da ɗaurarren hannu, yana zaɓar musu duwatsu da ɗayan. Haka suka yi ta karɓa-karɓa har kaka.

Abin da ya riƙa ba ni haushi shi ne ƙarshen ba ya zama ɗaya. Wani dare rumbuna su cika har a yi biki. Wani dare tsuntsaye su cinye rabin gona, a sha kunu tsararo har wata damina. Akwai ma daren da ta ce iri kawai suka tsira da shi.

Na ce, "Iya, ai rannan cewa kika yi sun cika rumbu."

Ta ce, "Waccan shekarar daban, angona. Gonar taka ce da za ka yi mata hukunci?"

"To, amma sun ci nasara ko ba su ci ba?"

"Tsuntsu ya ci, su ma sun ci. Ni dai ban ji an ce wani ya gudu ya bar rumfa ba." Ta karkaɗe zaninta. "Ƙurunƙus, kusu ya tafi da kansa. A sauko mini da kofuna."

Iya ta rasu ina sakandare. Bayan wasu shekaru aka tura ni karatun injiniya a wani birni na yammacin Amurka, a bakin teku, inda ruwan sama ba ya gajiya. Kewa ta dame ni a watannin farko. Maƙwabcina, wani dattijo tsohon direban bas, ya lura ba na fita, ran nan ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce in sa takalmi. Filin besbol ya kai ni. Ban fahimci komai ba da farko. Ya nuna mini mutum ɗaya a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, yana jefa ƙwallo, wani kuma a gabansa riƙe da kulki yana neman ya doke ta. Ya ce in manta da sauran, in kalli mai jifan nan. In hannunsa yana da lafiya, ƙungiya na cikin rufin asiri. In ya gaji, sai abokan hamayya su yi ta dukan ƙwallo suna zagaye fili. Kafin mu tashi ya gargaɗe ni cewa ƙungiyar garin nan gwana ce wajen karya zuciya, in ina da hankali in zaɓi wata. Ban zaɓi wata ba.

Yanzu na dawo Makka, ina unguwar Rusaifa da iyalina, kuma a duk unguwar ban san wani mai kallon wasan nan ba. Abokan aikina ƙwallon ƙafa suka sani, suna ce mini mai kallon jifa. Yammacin can shi ne asubahin nan, don haka in na dawo daga masallaci nakan biya in sayo burodin tamis da ful, wato dafaffen wake, in kunna talabijin a hankali. Da haka 'yata Jumana ta shigo ciki. Da farko ƙamshin burodin ne yake fito da ita, daga baya ta fi ni sanin sunayen 'yan wasa. Hausa tana jin ta sama-sama, amma da Larabci take amsa mini, kamar yawancin sa'o'inta. Abin yana ɗan sosa mini rai, sai dai ban taɓa matsa mata ba.

Bana muka samu wani matashin mai jifa, irin wanda ake daɗewa ba a ga kamarsa ba. Ƙwallonsa kafin mai kulki ya motsa ta shige. Da shi ƙungiyar ta taso daga ƙasan teburi har ta fara leƙen zagayen fitar da gwani, wanda rabonmu da shi an jima. Jumana ta manna hotonsa a jikin ƙofar ɗakinta. Sai ga shi ana saura 'yan makonni a rufe kakar wasa, ran wata Juma'a, ya jefa ƙwallo ɗaya ya kama gwiwar hannu. Muka ga likita ya shigo fili, muka ga an fita da shi kansa a sunkuye. Kafin azahar labari ya fito cewa sai baɗi.

Jumana ta ɓalle hoton daga ƙofa. Ta ce, "Khalas, ya Baba. Ni na daina. Me ya rage a kalla?"

Na ga idanunta sun ciko. Na san ba wasa kaɗai ba ne a wurinta, domin shi ne karon farko da ta ɗora zuciyarta kacokan a kan wani abu ya zame. Ni ma in faɗi gaskiya, ban son in koma cin tamis ni kaɗai. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Ga ta nan, ta sha hanya, ta ƙetaro ruwa."

Ta kalle ni kamar na zautu. Na koya mata amsar, ta maimaita tana tura baki. Na ba ta labarin Dogo da Hausa tun daga farko, ita kuwa tana katse ni. "Ish ya'ni majajjawa?" Wato mece ce ita. Na ɗauki gyalen mahaifiyarta na nuna mata, saura kaɗan in fasa fitila. Ta yi dariya ba ta so ba. Da na gama ta ce, "Ba ɗaya ba ne, Baba. Tsuntsaye ba su da kulki."

Na ce, "Gaskiyarki. Amma gobe akwai wasa, kuma dole wani ya hau tudun."

Washegari ta fito da bargonta, ta zauna can nesa, wai ba kallo take yi ba. Wanda aka ba ƙwallo wani tsohon hannu ne, furfura a gemu, wanda ƙungiyoyi da dama suka sallama. Jifansa ba gudu, sai lanƙwasa da yaudara. Sau biyu abokan hamayya suka cika masa fili da masu gudu, suna dab da zagayewa su ci, sau biyu yana fita da ƙyar, gumi na ɗiga daga hularsa. Da ya fara lilo, mai horarwa ya fito ya karɓi ƙwallo ya miƙa wa wani yaro da aka ɗauko daga ƙaramar ƙungiya a makon nan. Zuwa zagayen ƙarshe muna gaba da ci ɗaya tak, Jumana tana tsaye a kan kujera. Mai jifan da yake rufe mana wasa ya tsaya yana murza ƙwallo. Sai na ji ta ƙwala ihu, da Hausa tsantsa, "Jefa masa karkatacciya, don Allah!"

Ko me ya jefa, mai kulki ya kai duka ya sami iska. Mahaifiyarta ta fito a guje tana tambayar wa ya faɗi.

Kwana biyu bayan nan aka lallasa mu, ba ko tausayi. Haka muke tafe tun daga lokacin, a ci yau a rasa gobe. Yanzu wasanni kaɗan suka rage. Sai mun cinye mafi yawansu, kuma ƙungiyar da ke gabanmu ta yi tuntuɓe. Ina da fata, ba na ɓoyewa. Tsohon nan mai furfura in aka ba shi hutunsa cikakke, zai iya kai mu tsakiyar wasa lafiya. Yaron nan da wani sabo da aka ɗauko bayansa ba su san tsoro ba tukuna, kuma masu kulki ba su gama karantar su ba. Fargabata ɗaya ce, kada mai horarwa ya ga wani ya yi kyau ya manne masa kullum har ya ƙone shi. In ya raba nauyin, ina ganin za mu shiga. In mun shiga kuwa, ai kowa daga sifili zai fara.

Ina yaro na ɗauka darasin Iya shi ne kada a cika baki, ko kada a raina bahago. Sai da na girma na fara tunanin ita kanta mai labarin. Mace ce da ta shuka a ƙasashen da ba nata ba, wata shekara ta girba, wata shekara ta tashi da ƙullin iri kawai ta ƙara gaba. Ba ta san za ta iso Makka ba sai ranar da ta iso. Shi ya sa ba ta taɓa yi mana alkawarin cikakken rumbu ba. Abin da take so mu riƙe shi ne mutum ya hau ya yi nasa jifan, ya san lokacin sauka, ya kuma yi murna da wanda ya karɓe shi. Sauran na Mai sama ne.

Jiya da yamma, ina wanke mota, Jumana ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, mu wane ƙarshe za mu samu, na biki ko na kunu?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Tayyib, shi ke nan. Ko na kunu ne, ka tashe ni."