Kawu Bitrus da Farin Ruwan Inabin Jamus

Duk wanda ya taɓa cin abinci da Kawu Bitrus ya san hancinsa ne ke fara shiga kofi kafin bakinsa. Ko kunu aka miƙa masa sai ya juya kofin, ya shinshina, ya yanke hukunci kamar alƙali. A Jamus ya koyo wannan, inda ya yi karatun injiniya bayan ya bar Wusasa. Ya dawo da takardar shaida da kuma aƙida guda: farin ruwan inabin da ake kira Riesling ne kaɗai abin sha, sauran duk rini ne.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma a gidansa na Hyattsville a Amurka na sauka da na zo aikin jinya. Ranar farko, kafin ya tambayi lafiyar mahaifiyata, ya yi mini bayanin ɗanɗanon Riesling ɗin: tsamin ɗanyen mangwaro, ƙamshin tuffa, sai ɗan zaƙin zuma a ƙarshe. Ya ce idan kwalbar ta tsufa har warin kananzir take yi, kuma wannan ne mai daraja. Na ce ashe a Zariya mun daɗe muna zuba abin marmari a fitila. Bai yi dariya ba. Ya ce ƙuruciya ce ke damuna.

Wata rana ya kai mu wani gidan abinci mai tsada a Washington. Mai kawo abinci ya ba shi shawarar jan ruwan inabi, tunda nama za mu ci. Kawu ya zaro kilishi daga aljihun kwat, naɗe a takarda, ya sa mutumin ya gutsura. Yaji ya kama shi, idanunsa suka kawo ruwa. Kawu ya tura masa kofinsa na Riesling mai sanyi, ya jira ya kurɓa.

"Zaƙin ne ke kwantar da yajin, tsamin ya wanke maiƙon," in ji shi. "Je ka gaya wa maigidanka."

Haka ya bi abincinmu ɗaya bayan ɗaya, yana gwada su da Riesling. Tsire ya dace, farfesun kifi ya dace, dambun nama ma haka. Miyar kuka ce ta gagare shi. Ya yi shekaru yana gwadawa, daga baya ya sanar da mu cewa laifin ba na miyar ba ne, Jamusawa ne ba su kai nan ba.

Amininsa kuwa Alhaji Mamman ne, direba ɗan Maraɗi, wanda ko kwalin kwalaben ba ya yarda a saka masa a mota. Suna cin tsire a faranti ɗaya, shi da shayinsa, Kawu na ta siffanta masa abin da ba zai taɓa sha ba. Da bikin 'yarsa Rifkatu ya zo, Kawu ya yi wata biyu yana nema har ya samo ruwan irin wannan inabin wanda ba a mayar da shi giya ba, don baƙinsa Musulmi. Ya karanta wa Alhaji rubutun kwalbar sau biyu. Alhaji ya yi bisimilla, ya kurɓa, Kawu na tsaye a kansa.

"Injiniya," in ji Alhaji, "shekara ashirin kana damuna a kan jiƙon tsamiya?"

Amma ya nemi ƙari.

Da ciwon sukari ya yi wa Kawu tsanani, likita ta hana shi sha. Mun shirya wa rigima, sai ya ce to. Washegari ya tattara yajinsa duka ya ba Alhaji. Na ce masa ai ba a hana shi yaji ba. Ya ce shi ba zai raba yajin da ruwan inabin ba, tare suka zo, tare za su tafi. A ranar na san jikin ya yi nisa.

Wata huɗu ya ƙara, yana cin abinci lami ba ƙorafi. Allah Ya ba shi hutu, Ya sanyaya masa makwanci, mu kuma Ya ba mu haƙurin rashinsa.